Ina zan samu abokan gudu ba takalmi a Kaduna?

Tambayarka ta iso ni, ƙanena. Ka ce wata huɗu ke nan da ka fara cire takalmi kana sassarfa bayan sallar asuba a unguwarku ta Kinkinau, wani lokaci ƙafa a ƙasa, wani lokaci da takalmi mai siririn tafi. Ciwon gwiwar da ya dame ka ya lafa, amma kaɗaici ya ishe ka. Maƙwabta suna bin ka da ido, wani dattijo ma ya tare ka yana tambayar ko lafiya a gida. Kana son sanin inda za ka samu irinka a garin nan.

Na haura shekara ashirin ina gudu ina kuma horar da matasa a Kaduna, kusan rabin waɗannan shekaru da takalmin da bai fi faifai kauri ba. Abin da na gani shi ne, irin mutanen da kake nema ba a samun su ta hanyar cigiya. Wuri ɗaya da lokaci ɗaya ne ke haɗa su. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, to a wannan harka maganar ta zauna daram.

Kafin komai, ka daina wannan gudun na duhun asuba kai kaɗai a cikin lungunan unguwa. Ba don ƙafarka nake faɗa ba. Namiji baligi yana sheƙa gudu ba takalmi kafin gari ya waye, a idon wanda bai san shi ba, ɗayan biyu ne: ko ɓarawo ko mai taɓin hankali. Ni da kaina 'yan sintiri sun taɓa tare ni a wata unguwa da ba tamu ba, suka haske ni da tocila, aka fara tara jama'a. Allah ya taimake ni wani mai shayi da ke kan layin ya gane ni, ya ce ai malamin gudun yara ne. Da ba ya nan, ban san yadda za a kwashe ba. Tun ranar na fahimci cewa amfanin farko na abokan gudu a wurinmu tsaro ne. Mutum huɗu sanye da rigunan motsa jiki suna sassarfa tare, kowa ya san atisaye suke yi, ko da takalmi ko babu. Kafin ka samu abokan, ka bari gari ya yi haske, ka sa kayan da ke nuna abin da kake yi, ka kuma gaisa da masu gadi da masu shayin hanyarka har su saba da fuskarka.

To, ina za ka? Ka je inda masu motsa jiki suka riga suka saba taruwa, ba sai ka ƙirƙiro wurinka ba. Dandalin Murtala da safiyar Asabar shi ne na farko. Can za ka tarar da kowane iri: ma'aikatan gwamnati masu rage tumbi, sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya, 'yan ƙwallo, mata a rukuninsu, da samarin da ke shirin shiga aikin ɗamara suna gwada numfashinsu. Akwai kuma harabar filin wasa na Ahmadu Bello duk lokacin da yake a buɗe ga jama'a, da wajen Ƙofar Gamji a bakin kogi, sai titunan Unguwar Rimi da Malali masu inuwa da ƙarancin motoci da sassafe. Ka zaɓi ɗaya, ka lizimce shi. Ka je Asabar shida a jere, ƙarfe shida da rabi, ba fashi. Ka yi yawancin gudunka da takalmin da ka saba, sannan a ƙarshe ka cire, ka riƙe shi a hannu, ka yi minti goma a wuri mai tsabta inda kowa ke ganinka.

Riƙe takalmin a hannu yana da dalili. Yana gaya wa mai kallo cewa ba rashi ba ne, zaɓi ne. A ƙasarmu tafiya ba takalmi tana da ma'anoni da yawa, kuma ba wadda ta shafi wasanni: ko talauci, ko ladabi a gaban manya, ko shiga masallaci. Mutumin da ya taso yana jin kunyar zuwa firamare ba takalmi, ya yi wahala ya kai matsayin da yake sayen kambas mai tsada, ba zai fahimce ka da farko ba, kuma bai yi laifi ba.

Zuwa Asabar ta uku wani zai zo. Kullum sai an samu. Mafi yawa tambayar ɗaya ce: "Malam, ba ka jin zafi?" A nan ne mutanenmu masu sabon shiga suke ɓata lamarin, domin sai su buɗe wa'azi. Takalmi ne ya lalata ƙafar ɗan Adam, kamfanoni ne ke yaudarar mu, duk mai ciwon gwiwa ya cire takalmi ya warke. Na ga yadda irin wannan magana ke korar mutane cikin minti biyu. Ban da haka, ba gaskiya ba ce yadda ake faɗarta.

Ga abin da aka sani. A shekarar 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka buga wani bincike da suka yi a kan 'yan gudu a Amurka da Kenya. Sun gano cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa, ba a kan dunduniya ba, kuma wannan saukar tana rage dukan farko da ke ratsa ƙafa idan ta taɓa ƙasa. Wannan ne aka ɗauka aka yi ta yayatawa. Sai dai a 2013 wasu masu bincike suka je wurin mutanen Daasanach a arewacin Kenya, waɗanda su ma ba takalmi suka taso, suka tarar fiye da kashi 70 cikin 100 a kan dunduniya suke sauka idan suna gudun da ba na sauri ba. Ke nan babu wani salo guda da za a ce shi ne na asali. Shi kuma nauyin da ka ɗauke wa gwiwa ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan agara da sha-raɓa da ƙananan ƙasusuwan tsakiyar ƙafa. Kamfanin Vibram, mai yin takalmin nan mai gidan yatsu biyar, sai da ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 3.75 don kashe wata ƙara da aka shigar a Amurka kan iƙirarin da ya yi cewa takalminsa na rage rauni yana ƙarfafa ƙafa.

Har shi Abebe Bikila na Habasha da muke kafa hujja da shi, labarinsa gefe biyu ne. Ranar 10 ga Satumban 1960 ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a gasar. Bayan shekara huɗu, a Tokiyo, ya sake ci, wannan karo da takalmi, ya kuma rage kusan minti uku. Idan za ka ba da labarin, ka ba da shi duka. Amsar da ta fi jawo mutane ita ce mai sauƙi: "Ina jin daɗinsa ne, kuma gwiwata ta samu sauƙi. In kana so ka gwada minti biyu a kan ciyawar can." Wanda ya gwada ya yi dariya, shi ne abokinka na farko. Ka karɓi lambarsa.

Akwai kuma waɗanda ba ka lissafa da su ba, alhali sun fi ka daɗewa a harkar, sai dai ba su sa mata suna ba. Je ka kalli wasannin guje-guje na makarantun gwamnati a lokacin gasar gidaje, ka ƙirga yaran da ke tsere ba takalmi. Wasu suna da shi, cirewa suke yi don sun ce yana musu nauyi. Malaman wasanni na irin waɗannan makarantu sun san ƙafar yara fiye da yadda ake zato, kuma galibi suna maraba da babban da zai zo ya taimaka. Ga 'yan dambe da 'yan kokawa da ke atisaye a kan yashi. Ga Fulani makiyaya da ke yini suna bin shanu da takalmin roba shafal, babu tudun dunduniya babu katifa. Ga yaran unguwa masu buga ƙwallo a Rigasa da Tudun Wada da Badarawa. Ka zauna da su, ka kalli yadda suke taka ƙasa, gajerun taku masu sauri, ƙafa na sauka a ƙarƙashin jiki ba can gaba ba. Na koyi abubuwa a wurin wani tsohon ɗan dambe da ban karanta a ko'ina ba, ciki har da yadda ake cire ƙaya da allura ba tare da an yaga fata ba. Sai dai kada ka gwada kanka da su. Ƙafar da ta shekara talatin a cikin sau-ciki tana zaman ofis ba ɗaya take da tasu ba.

Wani abu da ya fi komai haɗa mana kai a rukuninmu, ba gudun ba ne, ɗinkin takalmi ne. Takalman kamfani na irin wannan gudu suna da tsada, kuma dacewa da su a gwanjon Kasuwar Barci sai sa'a. Mutanen Raramuri na ƙasar Meziko, waɗanda suka shahara da gudun nesa a cikin duwatsu, da tsohuwar tayar mota da igiyar fata suke yin nasu. Wata mace daga cikinsu, Lorena Ramirez, ta ci tseren kilomita 50 a jihar Puebla a 2017 sanye da takalmin fade da siket. To mu ma ai takalmin taya ba baƙonmu ba ne. Ka taka kwali, a zana ƙafarka kana tsaye da nauyinka a kai, ka bar ɗan sarari a gaban yatsu, ka kai wa shumeka ko baduku ya yanka maka roba mai kaurin milimita 5 zuwa 8, shimfiɗe daga gaba har baya. Huda uku: ɗaya tsakanin babban yatsa da mai bi masa, biyu a gefen idon sawu. Igiyar ta zagaya bayan dunduniya, don silifas marar maɗauri yana sa yatsu su riƙa damƙa, wannan kuma shi ke kawo ciwo. A lura da tayar da ke da waya a ciki, ba ta yi. Idan mutum biyar suka je wurin shumeka ɗaya, farashi ya sauka, shi kuma ya ƙware. Bayan wata biyu shumekan da kansa zai fara gaya wa wasu cewa akwai masu gudu da irin wannan, ya turo muku su. Namu ya kawo mana mutum uku.

Waya kuma tana da nata amfanin, amma bayan an haɗu ido da ido. Ku buɗe zauren WhatsApp idan kun kai huɗu, a taƙaita shi ga lokaci da wuri da halin hanya. Duk zauren da aka bari siyasa da tallan magani suka shiga, ya mutu. Idan kana amfani da Strava, manhajar waya da ke ajiye bayanin gudu, ka rubuta a sunan gudunka cewa ba takalmi ka yi, masu bin hanya ɗaya da kai za su gani. Ka dai rufe wurin da gudun ya fara, kada ka nuna wa duniya ƙofar gidanku.

Yanzu ga abin da na fi son ka riƙe, domin a nan na ji jiki. Ranar da kuka zama rukuni, ranar haɗarin ya ƙaru. Mutum shi kaɗai yana jin ƙafarsa, in ta yi zafi ya tsaya. A cikin jama'a kunya ke hana shi. Shekarar da na fara gudu ba takalmi, na biye wa wasu samari biyu da suka taso a ƙauye, muka riƙa yin kilomita 10 a kan kwalta sau uku a mako, ni kuma ko wata biyu ban cika ba. Wata safiya na ji wani zafi a saman ƙafa, daidai bayan yatsa na biyu, kamar an ɗora garwashi. Na daure na ƙarasa don kada a ce malam ya gaza. Hoton asibiti ya nuna ƙashin ya tsage. Sati takwas ban yi gudu ba. Daga baya na ga cewa ba ni kaɗai ba ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka suka bi ƙwararrun 'yan gudu da suka koma siririn takalmi cikin mako goma, aka ɗauki hoton ƙafafunsu, 10 daga cikin 19 suka nuna alamar kumburi a cikin ƙashi. Kuma waɗannan a hankali aka ce su bi. Ƙafa ƙashi 26 gare ta. Fata takan saba cikin makonni, tsoka ta biyo baya, amma ƙashi da jijiya watanni suke ɗauka, kuma ba sa sanarwa sai sun gaji.

Saboda haka rukuni mai amfani shi ne mai riƙe mutum, ba mai zuga shi ba. Mu dokarmu ita ce, baƙo ba ya wuce minti biyar ba takalmi a ranar farko, komai ƙarfinsa, ko soja ne. Sauran ya ƙarasa da takalminsa. Ba a yi kwana biyu a jere. Ciwon sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma zafin da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko agara mai ƙagewa da safe har ka kasa taka ƙasa, wannan hutu ne da ganin likita, ba a muhawara. Mafi jinkiri shi ke gaba, sauran su bi shi. Kuma ba a yi wa mai takalmi gori. Fiye da rabin masu zuwa wurinmu da kambas ɗinsu suke gudu, suna cirewa ne kawai a minti goman ƙarshe, kuma wasunsu sun fi mu lafiyar ƙafa.

Mutum ɗaya ne ba na bari ya cire ko da ya roƙe ni: mai ciwon suga, musamman wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai. Zai taka ƙusa bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Ka tambayi kowane baƙo wannan a keɓe, ba a gaban mutane ba. Kowa kuma ya tabbatar allurarsa ta tetanus ba ta tsufa ba.

Sanin ƙasa shi ne dukiyar da abokai ke tarawa, wadda ba za ka samu a wurin Bature ba, domin bai san tsidau ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar faso ce. Dunduniya ta bushe ta tsage, ƙura ta shiga. A wanke ƙafa, a goge kaushin da dutse kaɗan kaɗan, a shafa man kaɗe da dare. A kuma lokacin ne tsidau da ƙarangiya suka bushe suka baje a filayen da kake gani kamar shimfiɗa, don haka kada ka yarda da busasshiyar ciyawar da ba ka taka da takalmi ka duba ba. Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Bayan ƙarfe takwas bororo kawai za ka kwasa. Ka ɗora bayan hannunka a kan titin, in ba ka iya ƙirga goma ba, sa takalminka. Damina ita ce mai daɗi kuma ita ce mai haɗari. Ƙasa ta yi laushi, amma ruwa yana kwaso ƙazanta daga kwatoci, kuma tsutsar nan mai shan jini a hanji ta fatar ƙafa take shiga daga danshin ƙasar da aka yi bahaya a kai. Duk filin da ka san ana zagawa a gefensa, ka bar shi, komai kyansa. Kada kuma a kammala gudu a faɗa kogin Kaduna wanke ƙafa, tsargiya na nan. Abin mamaki, tsabtatacciyar kwalta da sassafe ta fi ciyawa aminci ga mai koyo, don yana ganin kwalba da ƙusa tun daga nesa, kuma taurinta na tilasta masa sauka a hankali. Mu muna da tsintsiya guda da ke zama a but ɗin motar ɗaya daga cikinmu. Wanda ya riga zuwa ya share mita ɗari da za a koya wa baƙi a kai.

Game da rana, Asabar na ce ba don komai ba sai don garinmu. Ka san yadda kogi ya raba mu, wasu a Kawo da Unguwar Dosa, wasu a Barnawa da Sabon Tasha. Juma'a ba ta yi wa wasu, Lahadi da safe ba ta yi wa wasu. Idan kuka tsayar da Asabar a wuri na tsakiya, za ka ga mutanen da shekara da shekaru ba abin da ya haɗa su suna duba wa juna tafin ƙafa. Mata kuma sukan fi sakewa idan akwai wata babba da suke zuwa tare da ita, kuma a fili mai jama'a bayan gari ya waye. In wata ta nuna sha'awa, ka haɗa ta da 'yan'uwanta mata da ke zuwa, kada ka ce kai za ka koya mata.

Tsere ma wurin haɗuwa ne. Lokacin da aka yi gudun fanfalaki na Kaduna a watan Nuwamban 2020, mai kilomita 21 da kuma gajeru na 10 da 5, mutane suka fito daga ko'ina, har da 'yan Filato da suka daɗe suna riƙe da gudun nesa a ƙasar nan. A irin wannan taro ka riƙa kallon ƙasa, ƙafafu za su nuna maka naka. Dokar hukumar guje-guje ta duniya ta yarda a yi tsere ba takalmi, don haka ba wanda zai kore ka saboda wannan. Amma kai da wata huɗu kacal, ka shiga na kilomita 5 da siririn takalminka, ka bar ƙafa tsura sai wata shekara. Masu wannan harka a wasu ƙasashe sun ware Lahadin farko ta watan Mayu a matsayin ranarsu. Mu nan mukan matso da ita zuwa Asabar ɗin da ke gabanta, mu gayyaci duk mai son gwadawa, a yi kilomita ɗaya a sha kunu a watse.

Shi kuma dattijon da ya tambaye ka ko lafiya, kada ka ji haushinsa. Ka same shi bayan la'asar ka gaishe shi, ka tambaye shi da wane takalmi ya yi tafiyar ƙuruciyarsa. Ina kyautata zaton zai ba ka labarin tafiyar ƙasa da kai ba za ka iya rabinta ba, kuma daga ranar shi zai riƙa kare ka a majalisa.

Batun gwiwarka kuwa, na ji daɗi da ta lafa, amma ban tabbatar cire takalmin ne kaɗai ya yi aikin ba. Sau da yawa mutum yana cirewa sai ya rage nisa, ya gajarta taku, ya rage sauri, waɗannan ukun su ne maganin. Idan mun haɗu ka zo da tsohon kambas ɗinka, kada ka wanke shi. Ina son in ga gefen da ya cinye.